Ɗinya Cikin Hula

Shekarun baya, a ƙarshen wata damina, gero ya fitar da kai amma ba a kai ga yanka ba, ina da wata amarya da ta hana ni sakat. Kada ku yi saurin kai ƙara wurin tsohuwata uwargida, jikata ce, ɗiyar farin babban ɗana. Lokacin ko makarantar allo ba a sa ta ba. In na dawo gona sai ta tare ni a zaure ta riƙe ƙugu ta ce, "Tsoho, mi ka kawo mani? In babu, na fasa auren."

Akwai wata ɗinya a ƙarshen gonata, wajen hanyar Bakura. Ta girme ni. In ka kwanta ƙarƙashinta da hantsi, iska na kaɗa ganye, 'ya'yan na faɗowa ɗaya bayan ɗaya, sai ka rasa ko barci kake ko ido biyu. A nan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ke shimfiɗa zane ta tara na maɗi, mu kuma muna gefe muna sata. Ranar nan na tsinci baƙaƙe masu taushi, na cika hulata, na taho gida da sanƙo a rana.

Na sami amaryar kwance kan tabarma, ba ta tare ni ba. Na ce fushi ne. Na ajiye mata hular, ta ɗan ci, ta koma ta kwanta. Bayan azahar sai ga amai, jiki kamar garwashi, ido na lumshewa. Da tsohuwata ta buɗe mata baki ta ga harshe baƙi ƙirin, sai salati.

Nan da nan anka ɗauki hoton harshen anka tura wa ubanta da ke aiki Maradun, shi kuma ya jefa cikin gurup ɗin dangi. Jama'a, ban san muna da likitoci haka cikin zuri'armu ba. Ni boko aji uku na tsaya, shi ma don gyaɗar da ake saidawa bakin makaranta nake zuwa, to saƙon murya shi ne karatuna. Ga su nan suna shigowa. Wata ta ce ta ga bidiyo, ana fesa wa itatuwa guba. Wani ya ce a ɗura mata manja. Wani ya ce madara, wani ya ce gawayi. Wani ƙanena da ko akuya bai taɓa warkarwa ba ya ce ɗinyar bana duk iskoki sun sha ta.

Tsohuwata ta juyo kaina da ludayin manja a hannu.

"Malam, kai dai ba ka girma. Mi ka ba ɗiyar mutane?"

"Ɗinya ce, wadda kika ci kika tsufa."

"Wagga ba irin waccan ba ce, an faɗi cikin waya!"

Abin ya yi mani zafi. Maimakon in dubi yarinya, sai na tsaya kare mutuncin itace. Na jawo hular na zauna tsakar gida, na ce kowa ya zo ya shaida. Na cinye ragowar tas, ina tofar da ƙwallo, har na sa anka ɗauke ni bidiyo don a tura wa masu iskoki. Ina cikin wannan jarumtaka na ga uwar yarinyar tsaye bakin ɗaki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Idonta na kan tabarma. Na bi idon nata, sai na ga hannun jikata ya fara karkarwa.

Ban san sadda na saɓe ta ba. Maƙwabcina ya tada babur, munka kama hanyar Mafara, uwar na biye a wani. Ina jin zafin jikinta yana ratsa rigata. Gonaki na wucewa kore shar, ruwa kwance a fadamu yana ɗaukar ido, balbelu sun yi fari a bayan shanu, duniya ta yi kyau kamar ba abin da ke faruwa. Ina ta yi mata magana a kunne, ina cewa in ta tashi zan saya mata jan takalmi. 

A asibitin gwamnati munka tarar da layi, amma wata malamar jinya na ganin yadda wuyan yarinyar ya langaɓe ta ce mu shigo. Ta duba harshen, ta goga auduga, baƙin ya fita. Ta dubi bakina.

"Baba, kai ma buɗe."

Na buɗe.

"To, ga babban majinyacin nan. Ɗinya ce ko? Tun yaushe jikinta ya yi zafi?"

Na ce yau ne, bayan ta ci. Sai na ji wata 'yar murya daga bayana, can ƙasa.

"Tun shekaranjiya."

Surukata ce. Uwar yarinyar. Jikar tawa ɗiyarta ta fari ce, kun gane. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi gaban surukai. Ta ji zafin tun farko, tana ta shafa mata ruwa a ɗaki, kunya ta hana ta buɗe baki, mu kuma ba wanda ya tambaye ta. Anka soki yatsa anka gwada jini, zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi nisa. Malamar ta ce da mun ƙara tsayawa ɗura manja, da labarin ya canza.

Anka sa mata ƙarin ruwa. Wata allurar akwai, wata sai da maƙwabcina ya fita waje ya sawo. Babu wuta, fanka tsaye. Na zauna kan benci ina kallon ruwan yana ɗiga, cikina kuma yana kukan ɗinyar da na yi wa shaida. Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga kaina yaro, kwance kan cinyar mahaifiyata, tana taɓa wuyana da bayan hannu tana cewa ba komi. Can wajen asuba wata murya ta tashe ni.

"Tsoho, ka cika minshari."

Surukata ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa. Ban sani ba ko dariya take ko kuka, ban kuma tambaya ba.

In kun ji ina zagin asibitin gwamnati a majalisa, ku bar ni, ina da dalili: layi, zafi, je ka sawo. Amma a nan ne anka taɓa jikin yarinyar, anka yi tambayar da duk gurup ɗinmu ba wanda ya yi. Waya kam ban yar ba, ga shi da ita nake rubuto maku wannan da yatsa ɗaya. Sai dai tun daga ranar na kafa doka a gidana, na faɗa gaban kowa: in yaro ya yi zafi babu kunya, ko na fari ne ko na auta, uwarsa ta zo ta tashe ni ko ina barci.

Har yau surukata ba ta kiran sunan ɗiyarta. Amma bara da damina cikin dare na ji an ƙwanƙwasa ƙyauren ɗakina, a hankali, muryarta ta ce, "Baba, wance ba ta jin daɗi." Na tashi na ɗauki takalmina.