Ɗantsoho da Bindigar Fenti

Duk wanda ya yi zaman tashar motar Jega a shekarun da aka yanke Kabi daga Sakkwato ya san Ɗantsoho, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Ɗan kamasho ne mai kiran fasinjan Birnin Kabi, dogo, siriri, hularsa kullum a karkace. Kamashon ne kaɗai ya daɗe a hannunsa, shi ma don baki yake buƙata. Ban da shi babu abin da Ɗantsoho bai taɓa ba. Ya yi kiwon tantabaru, ƙishirwa ta kora su gidan maƙwabta. Ya sayi gurmi ya koyi kiɗa ɗaya da rabi, ya rataye shi har gara ta cinye. Ya yi gyaran rediyo na wata biyu, har yanzu akwai mutanen Jandutsi da ke cigiyar murfin rediyonsu. Duk abin da ya ɗauka sai ya cika gari da labarinsa, in an kwana biyu ka tambaye shi sai ya ce abin ne bai da albarka.

A Aliero akwai wani malamin makaranta, Malam Luka, mutumin Zuru, mai koyar da zane. Wata rana wani direba ya ba Ɗantsoho saƙo ya kai masa gida. Ya tarar da shi a gindin bishiyar dogon yaro, ya ɗaure farin ƙyalle a jikin katako, yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli wanda bai fi biro girma ba. Siririn tiyo ya taso daga gindin ƙarfen ya shiga cikin tayar mota da ke jingine. In Luka ya danna 'yar kunamar da ke jikin ƙarfen da yatsa sai fenti ya fito kamar hayaƙi, ya sauka a kan ƙyallen ba alamar gashin buroshi. Balbela yake zanawa a bayan saniya. Ɗantsoho ya tsaya baki buɗe, ya manta da saƙon da ke hannunsa.

Tun daga ranar Luka bai sake sakat ba. Ko ta ina ya biyo sai Ɗantsoho ya tare shi da zancen 'yar bindigar fenti. Ana nan sai sabuwar jiha ta buƙaci ma'aikata, aka ɗauke Luka aka mai da shi ofis a Birnin Kabi, inda ya san ba zai ƙara samun sukunin zane ba. Ranar da zai tashi ya biyo ta Jega, ya yi sallama gidan Ɗantsoho don ya bar masa bindigar, suka zauna a zaure. Asabe matar gidan ta ajiye musu fura a bakin ƙofa, ta koma bayan zana inda keken ɗinkinta yake.

Luka ya warware bindigar gaɓa-gaɓa a kan tabarma. Ya nuna masa ɗan kofin da ake zuba fenti, da doguwar allurar da ke ciki, da ɗan bakin da fenti ke fita, wanda ƙofarsa ba ta kai kaurin zare ba.

"Ka sirka fenti ya yi ruwa kamar madara, ka tace shi da ƙyalle," in ji Luka. "Iska kuwa mai faci zai cika maka taya. Amma duk wannan wasa ne. Babbar maganar ita ce wanki. Da ka gama, ko da minti biyar ka yi, ka fesa tina, ruwan sirka fenti, ko kananzir har ya fito garau, ka zare allura ka goge. Kada fenti ya kwana a ciki. In kuma ta toshe, ka jiƙa ta, kada ka soka mata komai a baki."

"Haba Tica," in ji Ɗantsoho, idonsa na kan ƙyallin ƙarfen. "Ni da nig gyara rediyo, wanga ɗan tsinke ka gagara ta?"

Gaskiya ɗaya dai, mutumin yana da hannu. Makon farko abin ya yi ta tofa masa fenti a ƙafa, amma kafin wata ya ƙare ya gane nisan da zai ba katako da yadda zai saki kunama a hankali. Ya zana albasa guda a kan wani tsohon falanki, ja, tana sheƙi, har wani ɗan kasuwar Aliero ya kai hannu zai ɓare ta. Shi ke nan, kan Ɗantsoho ya kumbura. Ya sa wa kansa suna Injiniya. Ya shiga tsokanar Baba Lauwali, dattijon da ya shekara talatin yana rubuta sunayen motoci da buroshi a gefen tasha.

"Baba, zamanin gashin jaki ya wuce. Ka aje ka huta."

Lauwali bai ko ɗago kai ba, ya ci gaba da jan layinsa.

Wanki kuwa, ko sau ɗaya. Yana gama feshi sai ya jefa bindigar a kan taga, ya ruga tasha ba da labari. Sau ɗaya Asabe ta yi masa magana.

"Maigida, na ji malamin nan ya ce a riƙa wanke ta."

"Tsoron malamman boko na," ya ce. "Wagga 'yar Ingila ta, da kanta taka wanke cikinta. Ke mi kis sani ga inji?"

Asabe ta koma kan ɗinkinta. Mace ce da ba ta iya ganin ƙarfe da datti, keken ɗinkinta shekara tara ko tsatsa bai yi ba. Yana fita sai ta ɗauko bindigar, ta warware ta yadda ta ji Luka ya bayyana, ta wanke da kananzir ɗin fitila, ta zura gashin kaza ta share cikinta, ta mayar kan taga. Wata biyar ana haka. Ɗantsoho bai taɓa tambayar kansa yadda abin da ya bari jiya da jan fenti yake wayar gari fes ba. A tasha ma cewa yake yi tasa ba irin wadda ake wankewa ba ce.

Sai ga babban aiki. Alhaji Kalilu, mutumin Andarai mai fataucin albasa zuwa kudu, ya yi sabuwar gingimari, yana son a zana masa zaki a allon baya. Motar tana Maiyama gidan ƙanensa, aikin kuma zai ci kwana uku. Da can Lauwali ke yi masa irin wannan, amma ya ji labarin Injiniya. Ɗantsoho ya ɗaure tayarsa da gwangwanayen fentin mota ya tafi.

Ranar farko Maiyama ta yi kallo. Jama'a sun yi da'ira, Ɗantsoho a kan benci yana feshi yana jawabi. Kafin la'asar jikin zaki ya fito, ruwan zinariya, gezarsa kamar iska na kaɗa ta. Saura fuska. Alhaji ya ji daɗi ya sa aka gasa masa kaza. Ɗantsoho ya tura bindigar cikin jaka da fentinta, ya wanke hannu, ya zauna ci.

Washegari taron ya fi na jiya. Ya zuba jan fenti don ya fara da harshen zaki, ya danna kunama. Shiru. Ya sake dannawa, sai wani ɗan huci.

"Iska ta yi ƙasa," ya ce.

Aka gungura taya wurin mai faci, aka cika ta har tana ƙara. Ya danna, ba komai. Gumi ya fara karyo masa. Ya girgiza ta, ya buga ta a tafin hannu, ya hura ta da baki. Jibrilla direban motar ya ce ko a jiƙa ta cikin fetur a ɗan jira. Jira a gaban wannan taro shi ne abin da Ɗantsoho ba zai iya ba. Ya karɓi basillar ɗinkin buhu a hannun wani mai albasa, ya kafa tsininta a ɗan bakin nan, ya murɗa. Aka ji ƙas.

"Ta buɗe," ya ce da murmushi.

Alhaji Kalilu ya matso ya sunkuya yana son ya gani, sanye da farar shadda, don daga nan ɗaurin aure zai wuce. Ɗantsoho ya danna kunama iya ƙarfinsa. Duk abin da ke cikin kofin ya fito lokaci ɗaya, da gudajin fentin jiya. Rabi ya sauka inda fuskar zaki za ta kasance, rabi a gaban rigar Alhaji, daga wuya har aljihu.

Can wani daga baya ya ce, "Zakin ya kama Alhaji," sai dariya ta ɓarke. Alhaji ya dubi rigarsa, ya dubi Ɗantsoho, bai zage shi ba. Ya juya ga direbansa.

"Jibrilla, tahi Jega ka ɗauko mini Lauwali."

Da azahar Lauwali ya iso da gwangwaninsa na buroshi. Ya kankare jan dabbaren, ya zauna ya fitar da fuskar zaki. Da ya gama ya ɗauki lokaci yana wanke buroshinsa ɗaya bayan ɗaya, yana matse su da tsumma. Abin da ya ce kawai shi ne jikin zakin ya yi kyau. Ɗantsoho bai tsaya jin haka ba, tuni ya hau motar itace ya gudu.

A tasha ya ce sammu aka yi masa, kuma ya san wanda ya yi. Da ya ga ba mai yarda da zancen, ya ɗauki bindigar sai Birnin Kabi, ya sami Luka ya ce masa kayan da ya ba shi jabu ne. Luka ya jiƙa ta, ya warware. Bakin ya tsage gida biyu, allura ta lanƙwashe.

"Yaushe rabonka da wanke ta?"

"Ban taɓa ba. Kuma wata biyar tana aiki lahiya lau."

Luka ya leƙa cikinta ta wajen gindi, inda fentin Maiyama bai kai ba. Tas take. Ya sa farce ya zaro wani ɗan silin gashin kaza, ya ɗaga masa.

"Wannan ba ta taɓa yini biyu da datti ba, balle wata biyar. Akwai mai wanke maka a gida."

Ɗantsoho ya tattara bindigarsa ya fita. Duk tsawon hanyar Jega yana juya maganar. Wani zai ɗauka godiya ya shirya. Yana shiga gida ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya.

"Asabe! Ashe ke ka wanke ta, shi na ba ki hwaɗa mini in tahi da kananzir ba? Kin ga abin da kij ja mini?"

Asabe ta dube shi ta kan keken ɗinki, ta ci gaba da taka shi.

Sai bayan wata takwas Luka ya samo sabon baki da allura ta hannun wani abokinsa a Kaduna, ya aiko da su cikin kwalin ashana. A lokacin Ɗantsoho ya koma kiwon zomaye, ko jin sunan fenti ba ya so. Asabe ta ɗaura su da kanta. Ta yanke furanni da taurari a jikin kwali, tana ɗorawa a kan zanen gado da rigar filo tana fesawa. Kafin shekara ta zagayo, daga Alelu har Aliero, mai kai 'yarta ɗaki sai ta aiko gidan Asabe mai feshi.

Ɗantsoho ne ke gungura mata taya zuwa wurin mai faci ranar da ya ga dama. In ya tsaya ana cika iska, sai ya gyara hula ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa shi ya koya mata, daga sirkin fenti har wanki. Mai facin, wanda ɗan'uwan Jibrilla ne, yakan ce, "Haka na, Injiniya," ya ci gaba da bugun famfo.