Jakin Mode da Takalman Di'o

Ɗiyata Zulaihatu, Allah ya jiƙanta, tana bincike a jami'a kan wariyar launin fata a zamanin Turawa ajali ya same ta. Ita ta fara sa ni tambayar tsofaffi labarin kawuna Mode, wanda na sha zama a gindinsa ina cin gyaɗa ban san ko wane ne ba.

Mode mutumin Shagari ne, yana kai albasa kasuwar Bodinga a jaki. A lokacin, in Bature ya biyo hanya, dole talaka ya sauka daga dabbarsa, ya tuɓe takalmi, ya tsaya gefe. Sau ɗaya Mode ya yi haka, abin ya tsaya masa a rai. Daga ranar ya daina hawa, ya daina sa takalmi. Sai ya bi jakinsa a ƙasa.

Abokan tafiya suna tsokanarsa: "Mode, jakin ga ubangidanka ne?"

Yakan ce, "Ku dai ku hau ku sauka. Ni ban hau ba, balle wani shi sauke ni."

Wata bazara Di'o, Baturen da ke mulkin yankin, ya tsayar da dokinsa, ya dubi ƙafafun Mode a kan rairayi mai zafi, ya sa aka ba shi tsofaffin takalmansa. Husaini tafinta ya ce, "Tausayinka ya ji. Ya ce in kun sake haɗuwa, ya gan ka da su."

Ba a mayar wa Bature kyauta. In kuma Mode ya sa su, dole ya tuɓe su a gaban Di'o. Mode ya rataya su a wuyan jaki.

Da suka sake haɗuwa, Mode ya kwance su daga wuyan jakin a hankali, ya ajiye a ƙasa.

"Ranka shi daɗe, jakin ya tuɓe."

Husaini ya gaya wa Di'o cewa mutumin yana godiya, yana adana su ne don kada su lalace. Di'o ya gyaɗa kai ya wuce. Husaini ya waiwayo ya ce, "Mahaukaci, saura kaɗan ka ja mana ɗauri!"

Bayan Turawa sun tafi, Mode ya sayi takalmi a Bodinga, muka taru muna kallo. Ya yi taku kaɗan ya cire. Ƙafar ta riga ta buɗe, ta ƙi su. Haka ya ƙarasa rayuwarsa ba takalmi.