Jinin Yaya Mamman da Tambayar Baba Iliya

Ƙarfe shida da rabi: wankin miki, sai ƙwaya biyu bayan koko.

Haka na rubuta a littafina yau, kamar yadda nake rubuta komai tun ina koleji. Da na gama na ce yau kam sai na yi muku magana. Wata huɗu kun ji ni shiru. Ina nan da rai, kuma murna ta cika mini ciki har ban san ta inda zan fara ba.

Da zazzaɓi cutar ta fara. Na ce na sauro ne, na sayi ƙwayoyi a bakin kasuwa. Kwana goma sha ɗaya ina rubuta zafin jikina safe da yamma, amma ban je likita ba. Ku dubi wauta.

Rana ta goma sha biyu cikina ya ƙame kamar katako. Matata Rahila ta ɗauko mai adaidaita, sai lopital, wato asibiti.

Aka ɗibi jini, aka yi hoto. Likita ya ce taifot ce ta huda hanji, tiyata yau ba gobe ba, kuma a nemo masu ba da jini. Ordinansin farko kaɗai, wato takardar sayen magani, ya ci jika sittin na sefa.

Na ji tsoro, amma ba irin wanda kuke zato ba.

Da yawanku kun san shekara goma sha biyar ke nan da na bi Almasihu. Innata ta rasu a ƙauyenmu Gouna shekara uku da suka wuce, da carbinta a hannu. Ranar jana'iza na tsaya a gindin bishiya, ban bi gawa maƙabarta ba, domin a raina na riga na yanke cewa tata ta ƙare, wuta ce har abada. Babban wana, Yaya Mamman, ya ɗauka ƙyama ce. Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba.

To, a kan gadon nan abin da ke cina shi ne: idan na mutu na shiga rai madawwami, yaya zan zauna shekaru marasa iyaka ina sane da inda Inna take?

Rahila ba ta shawarce ni ba ta kira Gouna. Kafin la'asar Yaya ya iso a kan babur da mutum biyu, su ukun suka ba da jini. Ni ban gan su ba, an riga an shiga da ni.

Na farfaɗo da roba a hanci, wata a ciki. Kwana biyar ko ruwa ba a ba ni ta baki ba. Yaya na zaune a tabarma yana kore mini ƙuda. Maganarsa ta farko bayan shekara uku:

"Habu, yanzu jinin mai salla ne a jikinka. Sai ka san yadda za ka yi da shi."

Na yi dariya, ɗinki ya hukunta ni.

A sati na biyu Baba Iliya ya zo dubiya. Dattijo ne a majami'armu, tsohon majemi daga Birni, hannuwansa har yau da launin bagaruwa. Yaya ya fita alwala, sai na gaya wa Baba Iliya abin da ke cina game da Inna, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ya tambaye ni ko na taɓa ganin yadda ake jima. Ya ce fata takan kwana a ruwan toka, ruwan da ke cin hannu, har gashi da ƙazanta su saki.

"Amma ɗana, ka taɓa ganin majemin da ya jefa fata a toka ya bar ta can har abada? Don ya fid da ita ya saka ta."

Ya ce a fahimtarsa hukuncin Allah gaskiya ne, da zafi, amma na gyara ne, kuma Almasihu ya zo ya sulhunta dukan halitta da Uba, ba wani ɓangare ba. Rai madawwami kuwa, in ji shi, ba tulin shekaru ba ne da ke jiran mutum bayan kabari. Sanin Allah ne, kuma tun a nan yake farawa, ko da roba a hanci.

Da pastonmu ya zo na maimaita masa. Bai yarda ba. Ya ce Baba Iliya ya bar tausayi ya rinjayi Nassi, ya ba ni ayoyin da zan duba. Na rubuta ayoyinsa da na Baba Iliya, na kowa a shafinsa, ina bi ɗaya bayan ɗaya. Karatuna bai wuce koleji ba, mai yiwuwa na yi kuskure. Amma na daina zama alƙalin Inna. Na bar ta a hannun wanda ya fi ni son ta, kuma tun ranar abinci ya fara shiga.

Ranar sallama na ce wa Yaya ba ƙyama ce ta tsayar da ni a gindin bishiya ba, tsoro ne. Ya daɗe yana naɗe tabarma. Ya ce in na iya zaman babur, in zo ya nuna mini kabarin Inna.

Jiya likita ya ce miki ya kama, zan iya tafiya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rahila da ta yi abin da ban sa ta ba, da ma'aikatan ɗakin tiyata, da mutum biyun Gouna da har yau sunan ɗaya kawai na sani, da ku da kuka yi addu'a a majami'a da masallaci.

In zazzaɓi ya wuce kwana uku, ku je a gwada jini. Ku tafasa ruwan sha. Wanda kuke gaba da shi, ku neme shi tun kuna iya riƙe waya da hannunku.

Na gobe:
- wankin miki kafin bakwai
- aron matashin kai don zaman babur
- goro da sukari na matan Yaya
- sauran ayoyi huɗu na pasto
- tambayar Yaya ta wace ƙofa ake shiga maƙabarta, da abin da ake faɗa in an isa