Layi Goma Sha Ɗaya na Baba Apollos

Kwamfuta biyu, sukundireba, burushin haƙori, tsumma, gorar ruwa. Da su na ga Baba Apollos, mai kula da kwamfutocinmu, a cikin keke napep, tsakanin Demsawo da ƙaramin asibitinmu na Karewa, ranar da na kama aiki. Haka yake fitowa kullum. Jiya ya yi ritaya.

Ban so shi ba. Na dawo daga karatu a waje da doka guda: zuciyar manhaja, wato ɓangaren da ke juya inji kai tsaye, iri ɗaya ce ga kowace kwamfuta, ba a yi mata faci saboda inji guda. Shi kuwa ya cusa mata layi goma sha ɗaya na umarni don tsofaffin kwamfutocinmu huɗu, masu rage musu gudu da zarar sun ɗau zafi.

Na goge su.

Lokacin 'yan gudun hijira daga Mubi da Michika sun cika gari. A kwamfutocin nan muke rubuta sunayensu, da su ake gano wanda ya ɓace wa danginsa. Kafin azahar duka kwamfutocin huɗu suka mutu. Wata mata, Magdalena, tana tsaye a taga da sunayen 'ya'yanta uku a takarda.

Baba ya taɓa bayan inji, ya janye hannu.

"Injiniya, can inda ka yi karatu, rana yana zuwa aiki kuwa?"

"Baba, ƙa'ida ce."

"To kira ƙa'idan ya zo ya yi musu fifita."

Ya mayar da layukansa da ka, bai duba takarda ba. Da la'asar aka gano biyu cikin yaran a wani gida a Wuro Hausa. Shi matar ta durƙusa wa. Na yi hassada, har yau ina yi. Bai taɓa ba kowa labarin ba, wannan ya fi ƙona min rai.

Kai ne likitan inji, Baba, ka san kowanne da irin tarinsa. Na gode, ko da yake da ƙyar godiyar take fita. Ku masu dawowa da digiri irina, ku tambayi wanda kuka tarar kafin ku goge aikinsa.

Yau aka aiko sabuwar manhaja, aka ce in sa ta yadda take, ban da faci. Na shiga ofishin Baba, na rufe ƙofa. Layukan nan ba za su fita ba sai ranar da injinan suka fita.