Kwamfutar da Aka Yi wa Walda

Yayana mai walda ne, kuma duk wanda ya ce maka bai iya aikinsa ba, ƙarya yake yi. Ƙofar da ya haɗa, ɓarawo sai dai ya leƙa ya yi gaba. Na faɗi wannan tun da farko don kada a ce ban yi masa adalci ba, domin daga nan ba za ku ƙara jin na yabe shi ba.

Tun muna yara yake da wani ciwo: ba ya ƙaunar abin da yake aiki ɗaya tak. Kaya in bai yi aiki biyu ba, a wurinsa an cuci mai saye. Shi ya fara shigo mana gida da fitila mai rediyo, wadda in ka kunna rediyon hasken ya dushe, in ka ƙara hasken mai karanta labarai ya shaƙe. Da ya yi aure ya sayo kujerar da ake warewa ta zama gado. Ba ta zaunuwa, ba ta kwantuwa, baƙon da ya kwana a kanta ba ya marmarin dawowa. Fanka mai fitila, biro mai tocila, wuƙa mai almakashi, duk sun ratsa gidan nan sun mutu a bayan ƙofa. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Biyu-a-ɗaya don tsiya, shi kuwa gogan naka ya ɗauka kirari ne. Har ɗaga hannu yake yi in an kira.

Ga kuma wani ciwon a kan wannan: duk abin da ya ga yana rawa, maganinsa ƙarfe. Bokitin roba ya tsage, ya yi masa ɗamarar ƙarfe, har matarsa ba ta iya ɗaga shi ko babu ruwa a ciki. Ƙafar tebur ta yi sako-sako, ya ɗaure ta da ƙarfe ya haɗa da bango, yau shekara da shekaru ba a share ƙarƙashinsa ba. In ka yi magana ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "To yanzu yana motsi?"

Allah da ikonSa, wannan mutumin ne ya haifi Auta. Ni dai ban san inda yarinyar nan ta samo kanta ba, ba a wurinsa ba dai. Tun tana firamare take koya wa yayyenta lissafi. Ba ta taɓa shiga jarrabawa ta fito da kunya ba. Da ta gama sakandare karatu ya tsaya, saboda abin da walda take kawowa bai wuce na cefane da haya ba. Ta zauna tana koyar da yaran maƙwabta a tsakar gida, har wata malamarta ta nemo mata wata dama: akwai masu ɗaukar nauyin karatun haɗa magunguna tun daga farko har ƙarshe, amma sai an ci jarrabawarsu. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, kowa daga gidansu, ba a yarda da waya ba, kuma dole kyamara ta riƙa ganin fuskarka tun daga farawa har gamawa don kada wani ya zauna maka. Sau ɗaya suke yi a shekara. Auta kuma shekarunta sun kai bakin iyakar da suka sa, in ta bana ta wuce ta shi ke nan.

Ni ina aiki a ofis, ina da laftof tsohuwa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na ce wa Yaya zan kawo wa yarinya ta yi amfani da ita.

"Sakatariya ke nan," ya ce. Haka yake kirana in yana son ya nuna mini cewa aikina zaman kujera ne. "Wato ni ban isa in saya wa 'yata kwamfuta ba sai an yi mana aro?"

"Yaya, ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi. Ki riƙe kayarki."

Na so a ce ya ƙi ne kawai ya zauna. Ina! Sai ya tafi shagon masu sayar da waya, ni kuma na bi shi don kada a yi ɓarna ba shaida. Mai shagon ya nuna mana wata laftof ta hannu, fentinta ya ɗan goge amma lafiyarta ƙalau. Yaya ya ɗaga ta, ya yamutsa fuska. Mai shago, da yake ya san irin mutanensa, sai ya jawo wani kwali mai sheƙi, ya fito da wata 'yar siririya sabuwa fil. Ya buɗe ta kamar laftof. Sannan ya kama fuskar ya fizge, ƙwas, ta rabu da kibod ɗin, ya miƙa wa Yaya a hannu.

"Ka ga yanzu ta zama tablet, maigida. In ka mayar ta koma kwamfuta. Ga ta kuma ta fi waccan tsohuwar araha."

Wallahi na ga idon Yaya ya kawo ruwa. Ko ranar da aka haifa masa ɗan fari ban ga wannan fuskar ba. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, abin da ya fi tsohuwa araha alhali yana sabo, ka tambayi abin da aka cire masa mana." Ya ce baƙin ciki nake yi don tawa ba ta rabewa.

To bari in gaya muku abin da aka saya, ko wani zai tsira. In ka danna ta da safe, kana iya zuwa ka yi wanka ka dawo ka tarar tana tunanin ko za ta tashi. In ka buɗe shafi ɗaya tana lallaɓawa, ka ƙara na biyu ta fara nishi, ka ƙara na uku ta sandare tana kallonka. Cikinta ba ya ɗaukar komai. Auta ta zuba littattafan karatunta kawai ta fara kukan ta cika. Caji kuwa kamar ana zuba ruwa a kwando. A matsayin tablet ta yi wa hannu nauyi, a matsayin laftof kanta ya fi gindinta nauyi, da ka taɓa fuskar sai ta kife ta baya. In yaro za ka ba ya kalli katun ya bar ka ka huta, to, ba laifi, saya. Amma ka ɗora rayuwar mutum a kanta? Tir!

Mafi muni shi ne mahaɗin. Ɗan maganaɗisu ne yake riƙe fuskar da kibod, da ta ɗan girgiza sai su daina jin juna. Auta tana cikin rubutu haruffa su ɗauke, sai ta cire ta hura ta mayar. Yarinyar nan ba ta taɓa yin ƙorafi ba. In uban ya leƙo ya ce, "Yaya injin?" sai ta ce, "Lafiya lau, Baba." Shi kuma ya fita da ita shago yana nuna wa masu kawo gyaran ƙofa yadda take rabewa, da hannunsa mai baƙin mai.

Na sake kawo maganar tawa laftof ɗin. Ya ce in na shigo masa gida da ita, ni da shi har abada. Da na fito Auta ta biyo ni bakin ƙofa ta riƙe mini mayafi.

"Goggo, don Allah ki bari. Na iya lallaɓa ta. Kin san da me ya saye ta? Injin yankan ƙarfensa na biyu ya sayar."

Na ce, "Shi ya sa za ki bar shi ya kashe ki?"

Ta yi dariya ta ce ba abin da zai faru.

Ana gobe jarrabawa aka ba su gwaji, kibod ya ɗauke mata a tsakiya, uban yana tsaye a kanta. Ya ƙura wa mahaɗin ido. Ni da na san shi, wannan kallon ya kamata ya tsorata kowa.

Da safe na zo gidan don in zauna da ita. Na tarar da Auta ta yi wanka, ta share ɗaki, ta jawo tebur kusa da taga don haske ya sami fuskarta, amma ba kwamfuta. Uwarta ta ce Baban ya fita da ita tun da sassafe, wai zai yi mata ɗan gyara. Muka kira wayarsa, ƙarar walda kawai muke ji yana cewa ga shi nan tafe. Lokaci yana ta matsowa, yarinya tana leƙa ƙofa tana dawowa.

Sai ga shi ya shigo da abu a naɗe cikin tsumma, yana tafe yana murmushi. Ya ajiye a tebur, tebur ya amsa. Ya yaye tsumman.

Jama'a, keji ya yi mata. Ya lanƙwasa ƙarfe ya zagaye fuskar gaba ɗaya, ya haɗa da wani faranti a ƙarƙashin kibod, ya tokare ta baya da sanduna, ya ɗiga walda a kowace kusurwa da kwamfutar a ciki. Ya ce jiƙaƙƙen tsumma ya rufa mata don kada zafi ya taɓa ta. Har fenti ya shafa, kore, bai gama bushewa ba.

"Girgiza ta," ya ce mini. "Sakatariya, girgiza ta mu gani."

Ban taɓa ba. Auta ta kunna, muka jira ta gama tunaninta. Kibod yana aiki, ba ƙarya. Ta shiga shafin jarrabawa, aka ce ta nuna fuskarta. Inda fuskar za ta fito baƙi ƙirin. Ta goge, ta sake dannawa, baƙi. Sai ta kai yatsa saman fuskar kwamfutar tana laluben ɗan idon kyamarar, yatsanta ya sauka a kan koren ƙarfe.

"Baba," ta ce a hankali, "ka rufe kyamarar."

"Wace kyamara? Ba ga ta a baya ba? Na bar mata rami."

"Ta gaba suke so, Baba."

Rubutu ya fito cewa in ba a ga fuskarta cikin ɗan lokaci ba za a rufe mata jarrabawar. Na ce a yanke kejin. Ya ce yanka zai ɗau lokaci, kuma aikin banza ne a ɓata keji mai kyau a kan ɗan rami. Gidana yana can wani gefen gari, ko tashi sama zan yi ba zan kai in ɗauko tawa in dawo ba. Uwar ta fita da gudu gidan maƙwabta neman aro. Shi kuwa ya zura hannu a jakarsa ya fito da injin huda ƙarfe.

Na ce, "Yaya, kada ka yi! Gilashi ne a bayan ƙarfen nan!"

"Ke kika koya mini aikina?"

"Baba, tsaya Mama ta dawo," in ji Auta.

"Matsa, uwata. Yanzun nan za su gan ki."

Ya gwada wurin da babban yatsa, ya kafa bakin injin, ya danna. Hannunsa bai karkace ba ko kaɗan, daidai kan idon kyamarar ya sauka. Ƙarfen ya huje, bakin injin ya wuce, muka ji ƙas. Tsaga ta taso daga sama ta ratsa fuskar har ƙasa, rubutun ya narke ya zama wasu launuka, sannan komai ya ɗauke. Da uwar ta dawo hannu wofi, kallo ɗaya ta yi wa tebur ta gane.

Auta ba ta yi kuka ba. Ni na yi, na kuma faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta, ban janye ko ɗaya ba har yau. Ta rubuta wa masu jarrabawar ta roƙe su, suka amsa da cewa suna baƙin ciki, amma dokarsu ɗaya ce ga kowa.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Mutum yana iya zama wawa da zuciya ɗaya, kowane gida akwai irinsa. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a wuya.

Unguwa duk an san Auta za ta yi jarrabawa, don uban ya bi shago-shago yana shela. Da aka fara tambaya, sai yarinyar ta riƙa cewa ta yi, ba ta ci ba. Haka ta gaya wa maƙwabta, haka ta gaya wa iyayen yaran da take koyarwa, har malamar da ta nemo mata damar. Matar nan ta zo gida ta zauna tana mamaki, tana cewa ita ba ta taɓa zaton Auta za ta faɗi ba. Wasu iyayen suka janye 'ya'yansu daga karatun tsakar gida. Na kama ta a kicin na ce me ya sa take wa kanta wannan ƙaryar.

"Goggo, in aka ji, har ya mutu ana yi masa dariya a layin nan. Wa zai sake kawo masa aiki? Ni ba komai."

Na ce to ai shi zai faɗi gaskiya da bakinsa, ko ba komai uba ne.

Bayan 'yan kwanaki na bi ta shagonsa. Yana tsugune yana haɗa wata taga, wani dattijo mai kawo masa aiki yana zaune a benci yana tambayarsa labarin jarrabawar 'yarsa. Na tsaya daga bakin rumfa, ya gan ni sarai. Ya ɗaga gilashin waldar daga fuskarsa, ya share gumi, ya girgiza kai irin na uban da aka ba kunya amma ya yafe.

"Ta yi iya ƙoƙarinta," ya ce. "Ni dai na saya mata duk abin da ake buƙata. Jarrabawar ce ta fi ƙarfinta."

Ya sauke gilashin ya ci gaba da walda. Auta, da yanzu ta koma taya shi aiki, tana can ciki, da tsohuwar rigarsa a jikinta, tana shafa wa wata ƙofa fenti. Ta ji shi, hannunta ya ɗan tsaya, sannan ta sake tsoma buroshi a gwangwani.