Faifan da Na Rataya a Kan Tattasai

Matso kusa ka ji wani abu da ya faru a gidanmu na Anguwan Rogo, shekarun da kwamfuta ta fara shiga zauruka.

Maigidana bidiyon biki da suna yake ɗauka, ya dawo ya haɗa a kwamfutar da ya girke a zaure. Akwai wata Mama 'yar Nasarawa Gwom da ke kawo min dankali har gida, tunda ni ba fita nake ba. Da za ta aurar da autarta a coci, ni na cika mata kunne cewa duk Jos babu mai hannun mijina. Saboda bakina ta ba shi aikin. Abu ɗaya ta roƙa: ranar Asabar amarya za ta bi mijinta kudu, tana so su kalla tare kafin ta tafi.

Bayan an sha biki, ranar Laraba wani abokinsa ya zuga shi ya sa wa kwamfutar sabon tsarin da ake yayi. Ana kunnawa komai ya kumbura. Rubutu ɓaro-ɓaro, farar rigar amarya ta koma kore, bidiyon na tafiya yana cijewa kamar mai ciwon gwiwa. Daga madafa na ji kukan fankar kwamfutar ya canja. Na leƙa, maigida ya ce ba komai, alhali ga shayinsa ya huce bai taɓa ba.

Washegari ya kawo mai gyara, ni kuwa na kafa kunne a bayan labule. Mutumin ya ce bidiyon bikin bai taɓu ba, katin hoton da ke cikin kwamfutar ma lafiyarsa lau, sabon tsarin ne bai san shi ba. Wai akwai wani ɗan abu da suke kira direba, shi ke fahimtar da su juna. Ya wuni a kafen intanet yana ƙoƙarin sauko da shi, yana kusa gamawa sai layin ya yanke. Abin da ya rage a koma tsohon tsari, amma sai da faifan da ya zo da katin.

Maigida ya birkice zaure, babu. Ni ko sai na tuna ranar da aka sa katin, na ji mai sawar yana cewa, oga, wannan mai shuɗin bayan kar ya ɓata. Na kuma tuna inda na kai shi.

"Baban yara, in na nuna maka abu, ba za ka yi faɗa ba?"

"Nuna tukuna."

Na ja su tsakar gida. Ga faifai biyar na lilo a zare a kan tattasan da nake shanyawa, ƙyallinsu na korar min tsuntsaye. Cikin kwandon matattun faifansa na tsinto su. Na tsakiyar ne mai shuɗin baya.

Mai gyara ya yi dariya har da dafa bango. "Hajiya, wata nawa yana gadi?"

"Tun kaka. Kuma bai taɓa fashi ba."

Na wanke shi, na goge da gefen ɗankwalina mai laushi. Karon farko ya ƙi, na biyu ya karɓa. Tun kafin hoto ya fito na ce musu ta warke, don fankar ta koma muryarta ta da.

Da la'asar ɗin Juma'a Mama ta zo da amarya, muka zauna a ɗakina. Rigar fara tas. Mama na kallo tana riƙe da hannun 'yarta, har aka gama ba ta saki ba. Da za ta tafi ta ce akwai bikin 'yar ƙanwarta nan gaba, kar mu karɓi aikin kowa.

Har yau muna musu da maigida. Yana cewa saura kaɗan in kashe masa sana'a. Ni kuma na ce sauran na kwandon duk bola suka tafi, da ban rataya shi ba da ya bi su. To kai da ka ji komai, wa ka ba gaskiya?