Abin da Ke Numfashi Cikin Rumbu

Abu guda nake so a ce ban aikata ba a rayuwata: ranar da ƙanena Ilu ya buɗe baki ya gaya mini ciwonsa, ni na rufe masa shi.

A Jiratawa muka tashi, hannun kakarmu Tasalla. In an gama kai gero gida, sanyi ya sauko, takan hura wuta da kara a tsakar gida, mu zagaye ta muna gasa rogo. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso, kar ta iske wani shi kaɗai." Mu ko sai mu matse juna.

Akwai wata tatsuniyarta da har yau take tayar mini da tsigar jiki. Wai wani dodo ne ya shiga rumbun wani gida, bai fi ɓera girma ba. Autar gidan ta ji numfashinsa, ta gaya wa uwarta. Uwar ta ce, "Yi shiru, kar maƙwabta su ji." Ita ma uwar ta ji shi, uban ma ya ji, kowa ya ja mayafi ya rufe kai. Ashe dodon nan ba hatsi yake ci ba, shirun mutanen gida yake ci. Kullum yana ƙiba, har rumbu ya tsage. Da ya fito, autar ya fara cinyewa.

Ilu ya riƙe zanen Kaka. "Ba wanda ya cece ta?"

"Wa za shi ceton ta, mijina? Ba su hwaɗi ba." Sai ta ja numfashi irin na dodon, huuu. Daren nan ko fitsari ba wanda ya fita. Ni dai abin da na ɗauka shi ne kar a je kusa da rumbu da dare.

Da muka girma, ina ɗinki a Sabon Gari, Ilu yana wurina yana karatun koleji. Sai ya daina ci, ya daina barci. Wata rana ya same ni shago ya ce, "Yaya, wani abu ya danne mini ƙirji. Tsoro nake ji, ban san na mi ba." Ga masu jiran ɗinki zaune. Na daka masa tsawa: "Kai ba namiji ba ne? So kake a ce gidanmu akwai taɓin hankali?" Bai ƙara faɗa ba. Da abin ya tsananta, na kai shi Tibiri na ɓoye gidan dangi, na ce wa mutane ya tafi fatauci. Da damina ya fita. Takalminsa kawai aka tsinta bakin gulbi.

Bana jikata Rakiya, da ke lise, wato babbar sakandare, a nan Maraɗi, ta zo mini da magana. Ita da ƙawayenta suna so su kafa ƙungiya a makaranta: su riƙa zama da wata malama, mai damuwa ya faɗi, in abin ya yi nauyi a kai shi wajen likita. Ubanta, ɗana, ya hana, wai tonon asiri ne.

"Tsoho, ka yi wa Baba magana."

"Amarya, ina ruwanki da damuwar ɗiyan mutane?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba tasu kaɗai ba ce. Ni ma ba na barci."

Wallahi na ji numfashin nan a bayana. Na aika aka kira ubanta, na gaya masa gaskiyar baffansa da ya taso yana jin wai fatauci ya tafi. Da na gama, ya ce ta je su kafa ƙungiyar, kuma gobe shi zai kai ta likita.

Har yanzu tsoro bai sake ni ba. Nakan tashi in saurari ɗakinta. Amma da safe ina tambayarta yadda ta kwana, in kuma tsaya in ji amsar.

Don Allah, ku da kuka karanta, in yaro ya ce muku yana jin abu a rumbu, kada ku ce masa ya yi shiru. Ni na ce, takalmi aka kawo mini.